Shanyar Barkono a Rufin Asibiti

Ku matso kusa, mai tabarma ya sam wa maƙwabcinsa gefe. Labarin yau na gardama ne. Ku kasa kunne da kyau, don in na kai ƙarshe ni zan yi shiru, ku za ku ɗauka daga nan.

Ranar da Jazuli ya dawo Rafin Ƙirya bayan shekarun da ya kwashe a duniya, sai da ya tambayi hanyar gidansu. An sare ƙiryar da garin ya ci sunanta, an kafa dogon ƙarfen kamfanin waya a gurbinta. Tashar mota ta tashi daga bakin kasuwa ta koma bayan gari. Rijiyar unguwa an rufe ta da kankare an haƙa burtsatse, burtsatsen ya lalace, mutane sun fasa kankaren sun koma wa rijiyarsu. 'Yan matan da ya bari suna tallan dafaffiyar gyaɗa duk sun zama iyayen wasu. Samarin da ya bari ba wando yanzu daga kan babur suke gaishe shi, ko sauka ba sa yi. Mai shayin bakin masallaci ya rasu, ɗansa ya gaji teburin amma bai gaji hannun ba. Mahaifiyarsa ta ƙara gajarta. A gabas da gari kuma, inda a da ake sussukar dawa, an gina ɗan ƙaramin asibiti mai rufin kankare, an shimfiɗa masa farantan sola a sama suna ƙyalli.

Abu ɗaya ne bai canza ba, shi ne maciji. Ƙasar Rafin Ƙirya ƙasar kububuwa ce, in kaka ta yi, mai cirar gyaɗa da mai roron wake kowa da fargaba yake sa hannu a ƙarƙashin ganye. A da, wanda aka sara sai a ɗora shi a mota a nufi birni, da yawa kuma a hanya ake juyowa da su. Yanzu akwai maganin dafi a asibitin, a cikin wani farin firji. Maganin na ruwa ne, ba ya shiri da zafi, kuma wata ƙungiya ce ke kawo shi sau ɗaya kafin kaka. In ya lalace, ya lalace ke nan sai baɗi. Wannan kowa a garin ya sani, har wanda bai taɓa taka asibitin ba.

Jazuli yana da abokai biyu. Wanzami ɗaya ya yi musu kaciya a safiya ɗaya, a tabarma ɗaya suka yi jinya. Na farko Rayyanu, yana Kaduna, yana aiki da ƙungiyar nan mai kawo magani. Aikinsa shi ne ya zauna a gaban allo ya riƙa duba lafiyar kwamfutocin ƙananan asibitoci masu yawa daga nesa. Na biyu Tasi'u mai walda, wanda bai taɓa kwana wata guda a wajen garin ba. Shi ya ƙera ƙarafan da aka ɗora farantan solar a kai.

Shi kuwa Jazuli ya zauna Ikko, ya zauna Kwatano, ya zauna Akra. Da gyaran waya ya fara, ya koma jan wayoyin intanet a ofisoshi, daga bisani ya ƙware a kan manyan injinan da ake kira saba, wato uwar kwamfutocin gida, wadda duk sauran ke kai mata ajiya. Bai daɗe da dawowa ba tafin ƙafarsa ya fara ƙaiƙayi. Ya riga ya shirya da wasu abokan tafiya za su wuce Abijan, inda aka yi musu alkawarin aiki a wani sabon gini. Yana jiran kiransu ne sai ga kiran Rayyanu.

“Sarkin yawo, an ce ka dawo kana cinye wa Inna tuwo.”

“Kai da ke cin na haya fa? Me ya faru?”

“Akwai saba a asibitinku. Duk na sauran garuruwa suna yi mini magana, naku ne kaɗai bebe. Ka je ka buɗe masa baki kafin iskar ta sake ɗibar ka.”

Bari in fayyace muku abin da yake nufi. Irin wannan inji yana rubuta wa kansa duk abin da ya same shi: wane ne ya shiga, wane ne ya yi ƙoƙarin shiga aka hana shi, yaushe ya ji zafi, yaushe wuta ta yi ƙasa. Masu sana'ar suna ce wa wannan rubutu log, mu sai mu ce rajista. Amma a cikin cikinsa yake riƙe ta, sai wanda ya zo ya zauna a gabansa ne zai karanta. Abin da Rayyanu ke so shi ne a saita injin ya riƙa aika rajistar can Kaduna, yana rubutawa tana isa.

To ga abin da Jazuli ya yi.

Ya tarar da Malama Barira, shugabar asibitin, mace mai kaifin ido wadda ta karɓi haihuwar rabin yaran garin. Da ta ji buƙatarsa sai ta tsaya a ƙofar ɗakin injin ta riƙe ƙugu.

“Ɗan nan, matan garin nan sun gaya mini abin da ba su gaya wa mazajensu ba, kuma duk yana cikin wannan akwatin. Shi za ka buɗe wa mutanen Kaduna?”

“Malama, ba ɗakin zan buɗe musu ba, taga ce, kuma ba ta kallon gado.”

“Bakin 'yan Ikko ke nan. Nuna mini.”

Ya nuna mata. Ya ƙirƙira wa Rayyanu mabuɗi nasa na daban, wato kalmar sirri ta shiga injin, mai iya abu biyu kacal: karanta rajista, da kashe injin in ta kama. Ya ba ta mabuɗin ya ce ta gwada buɗe bayanin wata mara lafiya da shi. Ta gwada, injin ya ƙi. Ta sake gwadawa da sunan wata, ya ƙi. Sannan ta matsa daga bakin ƙofa.

Aikin da ya zaci na yini ɗaya ne sai ya ja. Agogon injin ya yi baya da watanni, kuma rajistar da lokacinta ba daidai ba shaidar zur ce, don haka ya fara da gyara shi. Ya buɗe kafa ɗaya tak a katangar tsaron injin, ya ɗaure ta yadda ba mai shigowa ta nan sai ofishin Rayyanu. Sabis ɗin garin yana zuwa yana ɗaukewa kamar ruwan bazara, sai ya saita injin ya riƙa tara saƙonninsa in hanya ta toshe, ya sake su in ta buɗe. Daga nan ya lura da wani abu da ba a sa shi ba. Sabar da firjin magani duk daga batura ɗaya suke sha, amma sabar ba ta san komai game da baturan ba. Akwai wata 'yar waya da ake haɗa ta da injin cajin don ta riƙa jin ƙarfinsu, ba a kawo ta ba. Ya nema a garin babu, ya aika birni babu. Ya zauna a rumfar Tasi'u ya farke tsofaffin wayoyi, ya yi ta haɗawa yana warwarewa har ta yi. Ana cikin haka abokan tafiyarsa suka kira, ya ce su ba shi kwana kaɗan. Suka sake kira, ya ce saura ƙiris. Ba su kira na uku ba, suka tafi, gurbinsa a Abijan aka ba wani.

Saura abu ɗaya. Injin yana raba saƙonninsa hawa-hawa, akwai na babban haɗari, akwai na gargaɗi, akwai na surutu kawai. Rayyanu ya ce na haɗari kaɗai yake so. Jazuli ya ƙi.

“Na ga inji a Akra ya mutu bai taɓa yin ihu ba, tari kawai ya yi ta yi, ba wanda ya saurara. Duka zan turo maka.”

“Za ka cika mini kunne.”

“Ai don shi ake biyan ka.”

Ya tura duka, ya rufe ɗakin, ya miƙa wa Malama Barira mabuɗinta. Wannan shi ne aikin Jazuli.

Kaka ta kama. Sai aka aiko daga hedikwatar ƙaramar hukuma cewa za a tantance ma'aikata, kowa ya zo da ƙafarsa da takardunsa, wanda ba a gani ba za a ɗauke shi ma'aikacin bogi. Malama Barira da abokan aikinta har da maigadi suka kulle asibitin suka tafi, da niyyar su dawo da yamma. Masu tantancewar ba su iso ba ran nan, washegari ma ba su iso ba, kuma ba wanda ya isa ya bar layi. Jazuli ma ba ya gari, ya tafi birni sabunta fasfo, ya kashe wayarsa don kada Inna ta kira ta tambaye shi abin da ya kai shi.

Jikin katangar asibitin akwai gidan Gwaggo Hansai, tsohuwa mai noman barkono. A shekarar barkononta ya yi kyau, amma awaki da kaji sun hana ta shanya. Ta ɗaga kai ta ga rufin asibiti, ta ga tsanin ƙarfe jingine da bango. Tsanin na Tasi'u ne, tun lokacin aikin farantan ya bar shi, an yi masa magana ya zo ya ɗauke, kullum sai ya ce gobe. Tsohuwar ba da mugunta ta yi ba. Ta ga wuri mai santsi, mai tsabta, akuya ba ta hawa, rana kuma tana zuba a kansa a banza. Ta sa aka hau mata da buhuna aka shimfiɗa a kan farantan, aka baza barkono. Maƙwabta suka gani suka yaba dabarar, mai kuɓewa ta kawo kuɓewarta, mai tattasai ta kawo nata. Kafin azahar rufin ya yi ja da kore gwanin sha'awa, ba ko tafin hannu na gilashi da ke ganin rana.

To ga abin da Rayyanu ya yi.

Gaskiya ita ce tun tuni ya toshe ƙarar saƙonnin Rafin Ƙirya. Injin Jazuli ya cika surutu, an buɗe ƙofa ya faɗa, an rufe ya faɗa, fanka ta ƙara gudu ya faɗa. Rayyanu ya gaji ya karkatar da su wani lungu inda suke taruwa ba sa damun kowa. A rana ta uku da yin shanyar, bayan azahar, ya buɗe lungun ne don ya share tulin, ya kuma samu abin da zai tsokani abokinsa da shi. Hannunsa na kan sharewa idonsa ya faɗa kan wani layi, ƙaramin gargaɗi ne, irin wanda shi da kansa ya ce kada a turo: batura sun ragu. Ya duba sama, layin ya maimaitu. Ya bi shi baya, ya ga tun shekaranjiya ƙarfin ke sauka, dare ya ci, rana ba ta mayar ba.

Da wani ne sai ya ce hadari ne ya rufe rana, ya wuce. Rayyanu ya buɗe rajistar asibitin garin da ke maƙwabtaka da su, ya ga baturansu sun cika tun hantsi. Ashe ba hadari. Ya ce ko ɓarayi sun kwance farantan, amma ya ga akwai ɗan ƙarfi kaɗan da ke shigowa, kamar ɗigon ruwa daga tulu mai tsaga, wanda da an sace ko an yanke waya ba zai shigo ba. Ya jingina da kujera ya ce a ransa, farantan suna nan, wani abu ne ya kwanta a kansu. Ya auna abin da ya rage, ya ga ba zai kai la'asar sakaliya ba. Daga nan firji zai mutu a cikin kullallen ɗaki, a zafin kaka, ba wanda ya san ranar da za a buɗe.

Ya kira Malama Barira, wayarta ba caji. Ya kira Jazuli, a kashe. Ya nemi ogansa, aka ce yana cikin jirgi. Dokar ofishinsu kuwa a fili take, ba a kashe injin asibiti sai da izinin oga a rubuce. Rayyanu ya dubi allon. Sabar tana cin kusan abin da firjin ke ci, in ya kashe ta firjin zai samu numfashi har bayan magariba. Amma da ya kashe ta shi ke nan ya tsone idonsa ya datse hannunsa, ba zai ƙara ganin komai daga Rafin Ƙirya ba, kuma ba zai iya kunna ta daga nesa ba. Ya yi bisimilla ya danna. Allon garin ya yi duhu. Sannan ya kira Tasi'u.

Daga baya ofis ya ba shi takardar tuhuma, aka dakatar da shi na wani lokaci, aka kuma tsallake shi a ƙarin girman shekarar. Wannan shi ne aikin Rayyanu.

To ga abin da Tasi'u ya yi.

Kiran ya same shi a gonarsa, a hayin rafi, yana yankan gero.

“Maƙeri, kana ina?”

“Ina inda mutanen kirki suke, a gona. Lafiya?”

“Ka ajiye lauje ka je asibiti yanzu. Wani abu ya rufe farantan nan naka, maganin maciji zai lalace.”

“Kai kana Kaduna ka ga rufin garinmu? Ko ka fara duba ne?”

“Tasi'u, don girman Allah ka tafi.”

Da ya ji babu wasa a muryar, ya tafi. Rafin bai gama janyewa ba, mai kwalekwale kuma yana can ɗaya hayin yana barci. Ya cusa wayar a hula, ya ɗaure hular da rawanin gona, ya faɗa ruwa. Ruwan ya ja shi ƙasa da mashigi sosai kafin ya kama saiwar wata bishiya ya fita. Ya iso asibitin jiƙe, ya ɗaga kai ya ga rufin ja wur. A gindin tsani kuma, a kan 'yar kujera, da sandar korar kaji a hannu, ga Gwaggo Hansai.

Abin da ban gaya muku ba shi ne Gwaggo Hansai surukarsa ce, uwar matarsa. Tun da ya auri 'yarta bai taɓa haɗa ido da ita ba, bai taɓa cin abinci a gabanta ba, in ya hango ta a hanya sai ya canza lungu. Ita ma ba ta taɓa kama sunansa ba. Ya cire takalmansa ya durƙusa nesa, ruwa na ɗiga daga rigarsa, ya gaishe ta. Ta kau da kai ta amsa wa bango. Ya yi bayani kansa a sunkuye, muryarsa ƙasa-ƙasa, cewa shanyar ta hana asibiti wuta.

Ta ce wa bangon, “A gaya wa mai walda rana ta Allah ce, ba ta gwamnati ba. Ya bari ya sha iskar yau, gobe da hantsi a kwashe.”

“A yi haƙuri, Gwaggo, ba zai kai gobe ba.”

“A gaya masa na ji.”

Ya daɗe a durƙushe. Babu lokacin kiran matarsa, babu lokacin neman dattijon da zai shiga tsakani, babu lokacin kwashewa a hankali a zuba a buhu. Ya miƙe, ya raɓa ta gefenta, abin da bai taɓa yi ba, ya kama tsanin ya hau. Ya riƙa kama bakin buhunan yana fizgewa. Barkono ya yi ta zubowa kamar ruwan sama, rabi a cikin kwatar bayan asibiti, rabi a tsakar gidan tsohuwar inda awaki ke jira. Ƙurar yajin ta shiga masa ido da hanci, yana atishawa yana hawaye yana ja, mata na salati a ƙasa. Ya tuɓe rigarsa mai laima ya goge gilasan ɗaya bayan ɗaya.

Amma rana ta riga ta karkata, abin da za ta bayar kafin ta faɗi ba zai riƙe firji ba. Ya ruga rumfarsa ya ɗoro janaretan waldarsa a baro, ya turo shi har asibitin. Ya yanke kwaɗon ɗakin batura. Rayyanu yana waya yana ce masa ja wannan, kada ka taɓa wancan, shi kuma yana aiki da idon da ba ya buɗuwa sosai. Ya ja igiyar janareta. Ya manna kunnensa a tagar ɗakin magani, ya ji firjin yana gurnaninsa bai tsaya ba. Bai kashe janaretan ba sai da ranar washegari ta cika baturan.

Gwaggo Hansai kuwa ko kallonsa ba ta yi ba. Ta aika aka kira 'yarta ta dawo gida da kayanta, sai da dattawan unguwa suka yi ta sintiri kafin ta bar ta ta koma. Har yau in an ambaci mai walda a gabanta sai ta tashi ta shiga ɗaki. Wannan shi ne aikin Tasi'u.

Ma'aikata suka dawo. Malama Barira ta buɗe firjin ta duba ma'aunin sanyi, ta ga bai taɓa haurawa ba, ta zauna a kan benci ta yi hamdala. Jazuli ya dawo da sabon fasfo a aljihu, ya kunna sabar, ya ji labari a bakin mutane kamar baƙo.

Ba a jima ba aka kawo wata mata daga ƙauyen bayan dutse a kan amalanke. Sunanta Lantana, tsohon ciki gare ta, na fari. Tana roron wake kububuwa ta sare ta a hannu, kafin a iso da ita dasashinta ya fara jini. Malama Barira ta buɗe firjin nan ta ɗauko maganin ta ɗaura mata. Jinin ya tsaya. Lantana ta tashi, cikin ma ya tsaya, da lokacinsa ya yi ta haifi ɗa namiji a wannan asibitin.

Mijinta Ɗanlami, manomi ne mai magana ɗaya. Ya ce ya yi wa Allah alkawari tun a kan amalanke, in matarsa da abin da ke cikinta suka tsira, zai sa wa ɗan sunan wanda ya zama sanadi. Ya zo wa Malama Barira da maganar.

Ta ce, “Da mace aka haifa da ban bar ku kun yi shawara ba ma. Amma tunda namiji ne, ni allura kawai na yi, kuma da ruwan banza ne a kwalbar da allurata ba ta yi komai ba. Ka je ka nemi waɗanda suka tsare maganin.” Ta ba shi labarin duka, ta ambaci mutum uku.

Ya je wa Tasi'u a rumfa. Tasi'u ya ɗaga gilashin waldarsa ya ce, “Ni aike na aka yi. Da ba a kira ni ba ina can ina yankan gerona, da surukata ma tana amsa gaisuwata.” Aka kira masa Rayyanu a waya, Rayyanu ya ce, “Ni karatu kawai na yi, wani ne ya sa aka rubuta.” Ya je wa Jazuli, Jazuli ya ce, “Malam, ranar da abin ya faru ko a garin ba na nan.”

Kowa ya ture, amma ku san halin ɗan Adam, kowannensu ya kasa kunne ya ji inda za ta faɗa.

Gari kuwa ya rabu uku. Masu goyon Jazuli suka ce beben inji ya tarar ya ba shi baki, ya haɗa wayar da ba wanda ya sa shi, ya ƙi bin maganar Rayyanu ta a turo manyan saƙonni kaɗai, ya yi asarar tafiyarsa a kan haka, kuma mabuɗin da aka kashe injin da shi ma shi ya ƙera. Aka ce musu ai surutun da ya cika wa injin ne ya sa aka toshe kunne, kuma ranar da ake nemansa ya kashe waya don gudun uwarsa.

Masu goyon Rayyanu suka ce kuka in ba mai ji iska ce. Shi ya tsinci layi ɗaya a cikin dubbai, ya gane rufi daga Kaduna ba tare da ya gan shi ba, ya karya dokar ofis ya saya wa firjin lokacin da Tasi'u ya yi aiki a ciki, ya kuma sha hukunci. Aka ce musu ai shi ya toshe ƙarar tun farko, kuma sharewa ya je yi, sa'a ce ta kai idonsa.

Masu goyon Tasi'u suka ce rubutu da karatu ba sa sauke buhu daga rufi. Shi ya shiga ruwa, shi ya sha yaji, shi ya keta kunyar da ɗan halak ba ya ketawa, ya kusa rasa aurensa. Aka ce musu da ya ɗauke tsaninsa ranar da aka ce ya ɗauke, da tsohuwa ba ta ga hanyar hawa ba balle a yi wannan duka.

Ana wannan gardama a majalisa da bakin rijiya, kwanan suna yana matsowa. Jazuli dai ya samu labarin wani aiki a Njamena, ya kuma ji cewa motar da ke zuwa iyaka tana tashi da sassafe ranar sunan. A jajiberin, da la'asar, yana zaune a ɗakinsa ya baza kaya a kan tabarma, yana naɗe wayoyi yana cusawa a jaka, yana ware rigunan da zai bar wa ƙannensa. Inna tana tsakar gida tana daka masa yajin tafiya. Ya ɗaga jakar ya ji nauyinta, ya cire takalmi ɗaya ya ajiye, ya sake ɗagawa.

Sai ya ji sallama a zaure. Ɗanlami ne, ya sayo rago ya ɗaure, ya raba goro, liman ya aiko yana tambayar sunan da zai raɗa da safe, shi kuwa har yanzu ba shi da amsa. Ya ce ya gaji da yawo tsakanin mutum uku masu ture alheri, ya zo ne a gaya masa gaskiya ko da ba za ta yi wa wani daɗi ba. Jazuli ya tsaya a bakin ƙofa da igiyar jaka a hannu.

Nan na tsaya, nan labarin ya ajiye kayansa. Rago yana ɗaure, liman yana jira, jariri ɗaya ne kuma suna ɗaya ake raɗawa. To ku da kuka ji duka, tsakanin wanda ya ba injin baki, da wanda ya ji kukansa daga nesa, da wanda ya hau rufin, sunan wa za a sa wa ɗan Lantana?